Injin Wankin da Zai Sa Baba Ya Sha Ruwa

Unguwar Limawa,
Dutse, Jihar Jigawa.
Ranar Talata.

Zuwa ga Yaya Suwaiba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu. Bayan gaisuwa mai yawa da girmamawa, ina fatan wannan takarda za ta same ki cikin ƙoshin lafiya, ke da Alhaji da yara baki ɗaya. Allah ya ƙara muku lafiya da rufin asiri, ya tsare ku a can Fatakwal, ya sa zaman da kuke yi nesa da gida ya zama alheri. Yaya ƙafar Alhaji, da fatan kumburin ya sauka? Mu nan mun gode Allah. Ƙaninki, Abban Suhaib, yana can Ringim wurin aiki kamar yadda kika sani, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Suhaib ya shiga izu na biyu a Islamiyya, yana ta ɗaga kai kamar shi ya fara karatu a duniya. Munira kuwa ta fara tafiya, babu abin da ya tsira a tsakar gida, har butar alwalar kakanta sai an ɓoye. Zafin bana dai ba a magana. Duwatsun garin nan su sha rana tun safe, da yamma su dawo mana da ita cikin ɗaki.

Kin san ni ba ma'abociyar rubuta wasiƙa ba ce, tun da na bar makaranta ban sake riƙe biro tsawon haka ba. Sau da yawa na ɗauki waya zan kira ki, sai in mayar in ajiye. Ɗakin Baba Malam bango ɗaya ne da namu, kunnensa kuwa ciwo bai taɓa shi ba, ko cokali ya faɗi a kicin yana ji. Kuma ko da babu kowa a gidan, bakina ba zai iya furta abin da zan gaya miki game da surukina ba. Shi ya sa na zauna na rubuta, in na gama zan ɗauki hoton shafukan in turo miki ta waya. Ina roƙon ki karanta ke kaɗai. Maganar injin wankin nan ce da kika turo mana hotonsa, babba mai ƙofar gilashi. Don girman Allah, Yaya, kada ki biya, kada a ɗora shi a mota, sai kin kai ƙarshen takardar nan. Ba raina kyautarki na yi ba, wane ni. Tsoro nake ji, domin maganar ta wuce wanki, ran Baba ne a ciki.

Kin san tun da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kama shi bayan babbar Sallah, hannun dama ya tafi, ƙafar kuma jan ta yake yi da sanda. Abin da ba a gaya miki ba shi ne fitsari ya daina jiran sa. Kafin ya lallaɓa ya kai banɗaki ya riga shi. Tun da Inna ta rasu babu wata mace a gidan sai ni, don haka ni nake kwashe zanen gado da wandunansa in wanke. Wallahi, Yaya, ko sau ɗaya ban taɓa jin ƙyama ba. Mutumin da ya karɓe ni kamar 'yar cikinsa, wanda in ƙaninki ya ɓata mini rai shi yake tsawatar masa, me zan yi masa in biya? Nakan jira ya fita zaure shan iska, in shiga in kwashe, in shimfiɗa wani. Ba ya cewa komai, ni ma ba na cewa. Ƙaninki ya taɓa sayo masa irin famfas ɗin nan na manya, Baba ya dubi ƙullin, ya dube shi, ya juya fuska bango, bai sake yi masa magana ba har ya koma Ringim. Aka kawo shawarar a riƙa kai wa mai wanki, ya ce shi da ya tsufa yana limancin masallacin unguwa ba za a baje kayansa a igiyar bakin titi ba, kowa ya wuce ya san halin da yake ciki. Sai muka ci gaba a haka, ni ina ganin mun fahimci juna.

Wata safiya ina dama koko na ji ƙarar bokiti da faɗuwar mutum. Ashe ya ja zanen gadon zuwa banɗaki yana ƙoƙarin wankewa da hannu ɗaya, santsin sabulu ya kwashe shi. Na tsaya a bakin ƙofa, ga jini ina hangowa a goshinsa, ga shi ba ni da ikon shiga in taɓa shi a wannan hali. Da ihu na kira maƙwabta maza suka ɗaga shi. Wannan ce faɗuwar da aka ce miki a tsakar gida ya yi. Da ƙaninki ya dawo ya kwashe bokiti da sabulu daga wajen, ya roƙe shi kada ya sake. Baba ya ce to.

Daga nan sai shimfiɗa ta fara bushewa. In shiga da safe in tarar da zanen gado ƙalau, washegari ma haka. Ki tuna ranar da na kira ki ina murna ina cewa Baba yana samun sauƙi, har kika ce za ki yi sadaka. Murnar wannan ce nake yi, ban gaya miki dalili ba ne kawai. Ya ce ya ɗauki azumin Litinin da Alhamis, muka ce Allah ya ba da lada. Sannu a hankali azumin ya haɗa da sauran ranaku. In an sha ruwa na kai masa kunu da ruwan randa mai sanyi, in na dawo ɗaukar kwanuka in tarar da kofi babu komai, in ce alhamdu lillahi. Akwai 'yar gwandar nan da Suhaib ya shuka a ƙarƙashin tagar Baba. Komai na gidan nan ya ƙone da rana, har zogalen bayan kicin ya zubar da ganye, ita kaɗai ce take ta sheƙi tana fitar da sabon toho. Har tsokanar yaron nake yi ina cewa yana da hannun noma. Ban taɓa tsayawa na tambayi kaina wa yake ba ta ruwa ba.

Ranar da abin ya fashe, na kai masa ruwan alwalar azahar na yi sallama bai amsa ba. Na sake yi, shiru. Na ɗaga labule, na gan shi jingine da bango, leɓɓansa sun tsage, idanunsa sun faɗa, yana kiran sunan Inna yana tambayar ko ta dawo daga rijiya. Yaya, ban san lokacin da na fita titi babu takalmi ba. A asibiti suka ɗaura masa ruwa leda bayan leda. Likitan ya kira mu gefe ya ce jikin tsohon nan ya bushe ƙarau, ƙodarsa ta fara gazawa, ya tambaye mu ko hana shi ruwa muke yi a gida. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ya ce an ci sa'a wannan karon, amma in aka sake kawo shi a haka, ba ya jin ƙodar za ta tashi. Ya ce magani ɗaya ne ya fi duk ƙwayoyin da zai rubuta, shi ne ya riƙa shan ruwa sosai, safe da rana da yamma.

Gwaggo Gaji ce ta tono maganar. Da ta ji labari ta taso daga ƙauye da gwiwoyinta masu ciwo, kin san ita kaɗai ce a duniya take iya ɗaga wa Baba murya, tun da ita ta goye shi. Bayan an sallamo mu ta shiga ɗakinsa ta turo ƙofa, suka daɗe. Da ta fito ta same ni a kicin ta zauna a kan turmi tana share ido da bakin mayafi. Ta ce ya gaya mata tun ranar da aka kwashe bokitin ya yanke shawara. Ruwan da nake kai masa ta taga yake zubarwa, kunun ma haka, sai ɗan abin da zai haɗiyi magani. Ya ce gara ya gamu da Ubangijinsa da ƙishirwa da a ce 'yar mutane, matar ɗansa, wadda ko sunansa ba ta iya faɗa saboda kunya, ita ce take wanke fitsarinsa da hannunta. Gwaggo ta ce ta zage shi tas, ta ce masa da iliminsa da komai zai kashe kansa, ya yi ta hawaye, amma bai ce zai daina ba.

Yaya, na yi kuka ranar, kuma ba zan ɓoye miki ba, na ji haushinsa. Na ce ashe duk lallaɓawar da nake yi, ina sanɗa kamar ɓarauniya don kada ya ji nauyi, ita ce take kashe shi. In na daina wankin ya kwana cikin ƙazanta, in na ci gaba ya daina shan ruwa. Hannuna ne ya zame masa ciwo, kuma ba ni da wani hannun da zan sa. Ƙaninki ya so ya nemi hutu, amma hutun na ɗan lokaci ne, kuma Gwaggo ta ce ko shi ɗin Baba ba zai yarda ba. Ke kuma 'yar fari ce, mutumin da ko sunanki ba ya kira sai dai ya ce ta Fatakwal, ta yaya zai buɗe baki ya gaya miki wannan a waya? Ƙaninki ma kunya ta hana shi. Abin da ya iya ce miki kawai shi ne wanki ya yi mini yawa, ke kuma Allah ya saka miki da alheri, kika ce za ki aiko da inji.

Da na ga hoton nan sai wani tunani ya zo mini. Inji ba shi da ido, ba shi da hanci, kuma ba surukar kowa ba ne. In Baba zai iya zuba kayansa a ciki da kansa, ni sai dai in kwashe wankakku in shanya, to me ya rage na kunya? Na roƙi Gwaggo ta kai masa maganar. Ta dawo ta ce ya saurara, amma ya kawo tasa irin ta malamai. Ya ce shi abin da ya ji, injin nan jujjuya kaya yake yi cikin ruwa ɗaya da kumfa, najasar tana nan tana yawo a ciki. Ya ce tufafin da zai yi salla da su sai ya ga ruwa mai tsarki ya ratsa su ya fita garau da idonsa, in ba haka ba ba zai sa su a jikinsa ba. Daga nan na gane ba kowane inji ne zai yi mana ba, kuma in muka kuskure aka kawo wanda ya ƙi, ba zai sake sauraron maganar inji ba har abada. Kin san halinsa in ya ce a'a.

Sai na sa hijabi na shiga gari neman sani. Na fara da gidan wata ƙawata tun ta makaranta, Zuwaira, da take zaune a rukunin gidajen ma'aikata, domin tana da irin wanda kika zaɓa. Kyakkyawa ne, Yaya, ba ƙarya, wanki kuma yana fita fes in komai ya daidaita. Amma a garin nan yaushe komai yake daidaita? Ta ce sai famfo mai ƙarfi yake jan ruwa, mu kuwa kin san tankinmu 'yan ga-ruwa ne suke cika shi. Ta ce in wuta ta zo da rauni sai ya yi ta ƙyafta fitila ya ƙi tashi, kuma sau ɗaya da wuta ta ƙona masa wani abu a ciki sai daga Kano aka ɗauko mai gyara, ya yi wata da watanni tana ɗora kulolin abinci a kansa. Ƙofarsa a ƙasa take, sai mutum ya durƙusa, Baba kuwa in ya durƙusa ba zai tashi ba. Maɓallansa duk rubutun Turanci ne. Ruwan ɗauraya ta bayan bango yake fita, babu mai ganin sa. Amma abin da ya fi tsorata ni shi ne wanda na gani da idona. Muna zaune aka ɗauke wuta yana tsakiyar aiki, ƙofar ta kulle kanta, kayan mijinta suna kwance cikin ruwa a bayan gilashi. Ta ce haka za su zauna sai an dawo da wuta, wani lokaci har washegari. A raina na hango zanen gadon Baba a bayan gilashin nan, a gidan da baƙi ba sa yankewa, Suhaib da abokansa sun tsugunna suna leƙe. Na yi mata sallama na fito.

Na leƙa wajen masu na gwanjo saboda an ce sun fi sauƙi. Manya ne masu jikin ƙarfe, wasu duk tsatsa a gindi, mai shagon yana ta rantsuwa cewa daga Turai suka zo ba su taɓa lalacewa ba. Na ce to in ba su lalace ba me ya raba su da masu su? Ya yi dariya kawai. Maƙwabciyarmu Hajiya Halimatu Sa'adiya ta riga ta ba ni labarin ƙanwarta da wutar irin wannan ta ja ta ta yar da ita a tsakar gida, tana tsaye babu takalmi a jiƙaƙƙen siminti, Allah ne ya yi da sauran kwananta. Mace mai ƙarfi ke nan da ƙafafu biyu. Na tuna Baba da sandarsa, da yadda yake dafa duk abin da ya samu in zai juya. Ban ƙara minti ɗaya a shagon ba.

Ita Hajiya Halimatun ce ta ce in zo in ga nata. Irin mai baki biyun nan ne, ɗaya na wanki, ɗaya na matsewa, jikinsa roba ne gaba ɗaya. Ba shi da kyan gani, in yana matsa kaya kuma ƙara yake yi yana rawa kamar zai bar gidan. Amma murfinsa a sama yake, daidai ƙugun mutum. Maɓallansa na murɗawa ne irin na tsohuwar rediyon Baba. Ba ya neman famfo, ko da bokiti aka zuba masa ya gode. Ƙaramin janareta yana tayar da shi, in an ɗauke wuta kuma sai ka ɗaga murfi ka kwashe kayanka. Ta ce shekarunsa da yawa a hannunta, sau ɗaya bel ɗinsa ya tsinke, a nan cikin Dutse aka sayo wani aka sa kafin la'asar. Kuma yana da tiyo a gefe wanda in ka kwantar da shi ruwan yana fita a gabanka, kana iya sakin sabon ruwa ta sama yana ratsa kaya yana fita ta ƙasa har sai ka gamsu. Da na ga wannan sai da na dafa bango. Ban gaya mata dalili ba, na ce bayana ne yake ciwo. Ta dube ni, ta ce in sa a ɗauka in yi amfani da shi kafin namu ya zo.

Muka ajiye shi a lungun bayan ɗakin Baba, inda babu mai wucewa, ƙaninki ya kewaye wajen da zana, ya jawo tiyo daga tanki, ya sa mai gyaran wuta ya ɗaga soket sama inda ruwa ba zai kai ba. Ya shimfiɗa buhu a ƙasa saboda santsi, ya ajiye kujera da takalmin roba. Shi ya nuna wa Baba yadda ake yi, da tsohon zane mai tsabta, ni ina kicin kamar ba na gidan. Kwana biyu Baba bai je wajen ba. A rana ta uku da hantsi na ji ƙwas ƙwas ɗin sandarsa ta nufi lungun. Na kwashe yara na kulle mu a ɗaki. Na ji zubar ruwa ta daɗe, ashe sai da ya saki ruwa zalla ya ratsa kayan yana kallon bakin tiyo har ya fita fari, sannan ya zuba omo. Can sai na ji injin ya tashi. Yaya, na zauna a bakin gado na toshe bakina da filo don kada ya ji kukana.

Da ya gama ya koma ɗaki ya yi gyaran murya. Na je na kwashe na shanya, kaya masu ƙamshin sabulu kamar na kowa. Da azahar na kai ruwa na ajiye, na fito na laɓe a bayan ƙofa, Allah ya yafe mini. Na ji yana sha, ina jin wucewar ruwan a maƙogwaronsa. Ya ajiye kofin ya aiki Suhaib ya ce a ƙaro, kuma in akwai fura a dama masa. Cikin 'yan kwanakin nan fuskarsa ta ciko, muryarsa ta dawo, har almajiransa na da sun fara zuwa ɗaukar karatu a zaure. Da muka koma asibiti likita ya ce ƙodar tana farfaɗowa. Gwandar Suhaib kuwa ta fara yaushi, ban taɓa murnar ganin shuka tana bushewa ba sai wannan karon.

To ga inda tsoron yake. Bilki, 'yar Hajiya Halimatu da take aure a Kafin Hausa, ta haifi tagwaye ranar Asabar da ta wuce. Kin san wankin jego, balle na 'yan biyu. Ranar suna Hajiya za ta tafi mata da injin, kuma ba ni da bakin da zan ce ta bari, ta riga ta yi mana abin da ba kowa zai yi ba. Ƙaninki ba zai iya sayen wani yanzu ba, asibiti ta kwashe abin da ke hannunsa, kuma ya ce shi ba zai iya ce wa yayarsa ta fasa abin da ta yi niyya ba. Naki kuma kin ce sai ƙarshen wata za a samu motar da za ta kawo shi, ko ya zo ma na gaya miki abin da zai biyo baya.

Jiya na je shagunan kayan lantarki na hanyar kasuwa na duba sababbi masu baki biyu. Na soke hannuna na dama cikin hijabi na riƙe shi a baya, na riƙa gwada kowanne da hagu kaɗai, in ɗaga murfi, in murɗa maɓalli, in kwantar da tiyo. Mai shagon yana ta yi mini sannu, ya ɗauka ciwo gare ni, na bar shi a haka. Wasu maɓallansu da tauri, sai an sa hannu biyu. Wani murfinsa ba ya tsayawa, zai faɗo wa mutum a hannu. Wani ƙarami ne, bargo ba zai shiga ba. Wani robarsa sirara ce, in ka danna da yatsa tana lotsawa, wannan ko shekara ba zai yi a zafin Dutse ba. Na samu guda ɗaya da ya yi daidai, mai faɗin baki da roba mai kauri. Na sa ya buɗe bayansa na ga wayar cikin injin jan ƙarfe ce, domin mijin Hajiya ya ce in lura da wannan, ita ce take jure raunin wuta. Filoginsa mai ƙafa uku ne, akwai takardar garanti, kuma kayan gyaransa suna nan a gari. Na sa ya kunna shi a gabana ya zuba ruwa na ga fitarsa. Kuɗinsa bai kama ƙafar na wanda kika zaɓa ba, abin da ya ragu zai isa a haɗa da na'urar daidaita wuta. Hotonsa yana biye da takardar nan. Mai shagon ya ce shi kaɗai ya rage irinsa, ban sani ba ko maganar 'yan kasuwa ce, amma ta hana ni sukuni.

Na san za ki ji wani iri, ki ce ke da kika so ki yi wa mahaifinki abin fita kunya za a ce ki sayi na roba mai ƙara. Ki yi haƙuri da ni, Yaya. Kuma don Allah in kin kira shi kada ki nuna kin san komai, ki ce kawai kin saya wa Murja inji saboda bayanta. In ya gane na gaya miki, ban san da wane ido zai sake kallona ba.

Ki gaishe mini da Alhaji da kyau, ki ce muna yi masa addu'ar samun sauƙi. Ki gaishe da Abdussamad, Allah ya ba shi sa'ar jarrabawa, da Safa 'yar gidana, ki ce lallenta yana nan na daka na ajiye. Gwaggo Gaji ta koma ƙauye amma ta bar saƙon gaisuwa gare ku duka. Suhaib yana gaishe ki, ya ce in tuna miki da alkawarin keke.

Ɗazu da safe na kai wa Baba koko, ina shirin fitowa ya dakatar da ni, abin da bai saba yi ba. Bai dube ni ba, ya tambaya yaushe ne sunan jikokin Hajiya. Na ce Asabar. Ya yi wa jariran addu'a mai tsawo, ya sa wa Hajiya albarka, ya sa mini. Sannan ya ce yana da niyyar komawa azuminsa daga ranar Alhamis. Na fito na zagaya bayan taga, na tarar da gindin gwandar a jiƙe. Yaya, ki kira ƙaninki yau ki tura masa kuɗin a sayi injin nan, kada ki bari sai gobe.

Allah ya bar zumunci, ya ba Baba lafiya, ya sada mu da alheri. Wassalam.

Taki ƙanwa,
Murja, Maman Suhaib.